Miyar Da Ba Ta Ganin Wuta: Yadda Mutanen Meksiko Ke Haɗa Ɗanyen Tumatir

A ƙasar Meksiko, wadda ke kudu da Amurka, iyaka da iyaka, akwai wata irin miya wadda ba a ɗora ta a murhu ko kaɗan. Ba tukunya, ba itace, ba mai. Wuƙa ce kurum da akushi, sai ɗanyen tumatir da albasa da barkono. Da harshen Sifen, wanda yawancin mutanen ƙasar ke ji, kowace irin miya sunanta salsa, amma wannan da za mu ba da labarinta suna ce mata pico de gallo, watau "bakin zakara". Waɗansu kuwa miyar tuta suke kiranta, don launinta uku ne kamar na tutar ƙasarsu: kore da fari da ja. Suna cinta da gasasshen nama, ko wake, ko ƙwai, ko kuwa su zuba ta a kan wata irin wainar masara mai faɗi, marar kauri, wadda ake kira tortiya. In mai karatu yana son ya kwatanta, to, ya tuna da ɗanyen tumatir da albasar da mai tsire ke yanka wa mutum a gefen nama. Ita dai tasu an fi yanka ta ƙanana, an kuma haɗa ta da gishiri da lemun tsami.

ASALINTA

Kakan tumatir ɗan tsiro ne na daji a yammacin Amurka ta Kudu, wajen Peru da Ekwado, amma a Meksiko ne Turawa suka tarar da shi ya zama amfanin gona. Mutanen Aztek, waɗanda ke mulkin tsakiyar ƙasar a zamanin, suna kiransa tomatl, kuma daga wannan kalma ce sunan ya bi bakin Turawa har ya iso mana ya zama tumatir. A shekarar 1521 Turawan Sifen, ƙarƙashin Hernán Cortés, suka ci babban birnin Aztek, Tenochtitlan, inda birnin Meksiko yake yanzu. A 1529 wani limamin Kirista mai suna Bernardino de Sahagún ya sauka ƙasar, ya koyi harshen mutanen, ya rubuta al'adunsu. A cikin littafinsa ya ba da labarin masu sayar da tumatir iri iri a kasuwa, manya da ƙanana, ja da rawaya, da masu sayar da miyar da aka haɗa da shi da barkono.

Amma fa miyar wancan zamani ba daidai take da ta yau ba. Tumatir da barkono 'yan ƙasa ne. Albasar lambu kuwa, da lemun tsami, da ganyen nan mai ƙanshi da suke kira silantaro, wanda Turawan Ingila ke ce wa koriyanda, duk baƙi ne, jiragen Sifen suka kawo su. Ashe ke nan cikin ɗan akushin nan guda, amfanin gonar ɓangarori biyu na duniya ne suka haɗu.

YADDA AKE YINTA

Ga abin da zai ishi mutum huɗu: tumatir huɗu matsakaita, rabin farar albasa, ɗanyen koren barkono ɗaya ko biyu, ganyen silantaro cikin tafin hannu, lemun tsami ɗaya, da gishiri rabin ƙaramin cokali.

Aikin farko shi ne zaɓe. A nemi tumatir wanda ya nuna ja wur amma bai yi laushi ba, dogon nan mai nama da yawa da ƙarancin ruwa. Wanda ya fashe ko ya fara lalacewa a bar wa tukunya, ba shi da wuri a nan. A tsaga shi, a kwashe 'ya'yan da ruwan cikinsa, sa'an nan a yayyanka naman ƙanana kamar ƙwayar masara. Wuƙar ta kasance mai kaifi, domin dakusasshiya matse tumatir take yi, ba yanka ba. A barbaɗa masa gishirin, a bar shi kamar rubu'in sa'a a cikin matsami. Dalili kuwa shi ne gishiri yana jawo ruwa daga cikin tumatir. In ba a tsiyaye shi tun da wuri ba, sai miyar ta zama tsululu a gaban baƙi.

Albasa ita ma a yanka ta haka ƙanana. Wanda ba ya son yajinta sai ya jiƙa ta a ruwan lemun tsamin na 'yan mintoci, za ta yi sanyi. Game da barkono, mutanen Meksiko sun fi amfani da iri biyu, serrano da jalapeño, wanda ya sami sunansa daga garin Xalapa, hedkwatar jihar Berakurus. Mutane da yawa suna zaton zafin barkono a 'ya'yansa yake, alhali kuwa mafi yawansa yana cikin farin naman nan da 'ya'yan ke maƙale a jikinsa. Saboda haka mai son sauƙi sai ya kankare wannan. A yankin Yukatan kuwa da habanero suke yin tasu, ɗan'uwan attaruhunmu ne, suna kiran miyar xnipec, watau "hancin kare" da harshen Maya, don tana sa hancin mai ci ya jiƙe. To, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Daga nan sai a haɗa duka a akushi, a zuba yankakken ganyen, a juya a hankali da cokali, a ɗanɗana, a gyara gishiri. Wanda ya fi son mai laushi, akwai wani turmin dutse mai ƙafa uku da suke kira molcajete, wanda kakanninsu ke amfani da irinsa tun kafin zuwan Turawa. A ciki ake murƙushe barkono da gishiri tukuna, sa'an nan tumatir ya biyo baya.

AMFANINTA DA HAƊARINTA

Amfanin cin tumatir da barkono da lemo ɗanye a fili yake. Dukkansu suna ɗauke da bitamin C, abin da ke tsare dasashi da taimakon warkewar rauni, shi kuwa ba ya jure doguwar dahuwa. Amma abin da ya ba miyar nan daraja, shi ne kuma haɗarinta. Wuta ita ce ke kashe ƙwayoyin cuta a cikin abinci, wannan kuwa ba ta ga wuta ba. Kada kowa ya ruɗi kansa cewa tsamin lemo ko zafin barkono za su yi aikin da wuta ke yi. Ba za su yi ba.

A shekarar 1521 ba wanda ya san wannan, amma mu mun sani. A 2008 mutum fiye da 1,400 suka kamu da ciwon ciki da zawo a Amurka, saboda ƙwayar cutar da likitoci ke kira salmonela. Da fari tumatir aka zarga, daga baya bincike ya kai ga ɗanyen barkono da aka kawo daga Meksiko, har aka sami ƙwayar a ruwan ban-ruwa na wata gona a can. Waɗansu daga cikin marasa lafiyan a ɗanyar miya irin wannan suka gamu da ita.

Don haka mai yin ta ya kiyaye abu huɗu. Ya wanke hannunsa da sabulu. Ya wanke kayan tas da ruwa mai tsabta, in yana shakkar ruwan ya tafasa shi ya bar shi ya huce. Kada ya yanka su da wuƙa ko a kan katakon da ya taɓa ɗanyen nama. Sa'an nan kada ya bar ta a buɗe cikin zafi. Abin da ba a ci ba cikin sa'a biyu, in babu firiji, a juye shi a tukunya a dafa.

Malaman da ke koyar da tsabta da aikin gida za su ga darasin nan ba shi da tsada. Tumatir huɗu da albasa guda sun isa a nuna wa yara tarihi da labarin ƙasa da kiwon lafiya a zama ɗaya, su kuma tashi sun san cewa rigakafi ya fi magani.