Sankarar bakin mahaifa tana barin sawu tun kafin ta bayyana

A shekara ta 2022, sankarar bakin mahaifa ta kashe mata wajen 350.000 a duniya, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS. Alhali kuwa ciwo ne mai tafiyar hawainiya: yakan yi shekara 15 zuwa 20 yana girma a ɓoye, kuma tun farkon tafiyar yake barin sawun da masana ke iya gani.

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta. Cikin kowace akwai umurnin gado da ake ce ma ADN, a ɗaure cikin dami 46 masu suna kromozom. Ƙwayar cutar papiloma, wadda ake ɗauka wajen saduwar mace da namiji, ita ke ɓata wannan umurni. Wani likitan Jamus, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano irinta mai lamba 16 a 1983, da mai lamba 18 a 1984. Su biyun nan ke haddasa kusan kashi 70 bisa 100 na ciwon.

Galibin mata, jikinsu yakan kori cutar da kansa. In ta zauna kuwa, sai ta kashe ƙarfin masu gadi biyu, p53 da Rb, waɗanda aikinsu hana ƙwayar da ta lalace yin yaɗo. A 1996 masu bincike suka nuna cewa wani sashe na kromozom na 3 yakan ƙaru sa'ad da naman ke rikiɗewa zuwa sankara.

A da, siffar ƙwayoyin kaɗai ake dubawa da madubin likita. Tun 2021, OMS ta ba da shawarar a fara da neman ADN na cutar kanta. Mace ma tana iya ɗibar abin awon da hannunta. In an tarar da lahani da wuri, sai a ƙona wurin ko a daskarar da shi cikin ƴan mintoci, mahaifa ta tsira.

Burin OMS shi ne kafin 2030 a auna mata 70 bisa 100 suna da shekara 35, a sake suna da 45. Saboda haka ya wajaba magidanta, da ungozomai, da shugabannin gargajiya su ƙarfafa ma mata zuwa awo tun suna jin garau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.