Dalilin da ya sa lambar sirrin banki ke daina aiki cikin 'yan mintuna

Duk ɗan kasuwar Sabon Garin Zariya ko mai sana'ar POS a Chikaji ya san yadda lambar sirri ta wucin gadi, wato OTP, ke ƙin aiki idan aka yi jinkirin shigar da ita. Da yawa kan ɗora laifin a kan rashin sabis, alhali da gangan aka yanka mata wa'adi.

Manhajoji da dama a duniya kan ajiye irin wannan bayani mai gajeren rai a wata ma'adana inda kowane bayani ke rataye da sunansa, wanda masana ke kira makulli. Mafi shahara a cikinsu ita ce Redis, wadda ɗan ƙasar Italiya Salvatore Sanfilippo ya fitar a shekarar 2009.

Da umarnin EXPIRE ake sanya wa makulli wa'adi. Idan injiniya na son sanin lokacin da ya rage, sai ya rubuta TTL tare da sunan makullin. Amsar 120 na nufin saura daƙiƙa 120, wato minti biyu. Amsar -2 na nufin makullin babu shi, ko dai wa'adinsa ya cika an goge shi, ko kuma tun farko ba a ajiye shi ba. Mai buƙatar lissafi na ƙeƙe-da-ƙeƙe yakan yi amfani da PTTL, wanda ke ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Amsar da ya kamata ta tayar da hankali ita ce -1, domin ma'anarta makullin na nan, amma ba shi da wa'adi. Hakan kan faru cikin sauƙi: idan aka sake rubuta bayani a kan makulli da umarnin SET, tsohon wa'adin yakan goge, sai fa in an haɗa da KEEPTTL, wanda aka ƙara a shekarar 2020. Lambar da ba ta mutuwa kuwa tamkar shago ne da aka tashi kasuwa ba a sa masa kwaɗo ba.

Wannan agogo ne ke sa 'yan damfara gaggawa. Wanda ya kira ka da sunan ma'aikacin banki, yana matsa maka ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, tsere yake yi da wa'adin, don ya san in ya cika lambar ba ta da sauran amfani. Banki ba ya neman wannan lamba ta waya. Ka katse kiran, ka bar wa'adin ya cika, sannan ka tuntuɓi bankinka ta lambar da ke bayan katinka.