Fata mai cibiya: ƙarancin jini da warkewar fata a gwajin dabbobi

Faransanci ya rarrabe « greffe » da « lambeau », alhali a Hausa duka biyun « dashen fata » ake ce musu. A ganinmu wannan haɗawa tana ɓoye abin da ya raba su, wato jini. Ta farko ana yanke ta ne gaba ɗaya, ta rayu da abin da take tsotsa a sabon wurin. Ta biyu kuwa ɗaga ta ake yi, a bar gefe guda manne da jiki don jini ya ci gaba da shiga. Wannan gefen muka kira cibiya, ita kuma fatar « fata mai cibiya ».

A 1965, a Kanada, McFarlane da abokan aikinsa suka tsara gwajin da har yanzu ake bi: a ɗaga doguwar fata a bayan ɓera, a mayar da ita, a ɗinke. Bayan mako guda, ɓangaren da ke kusa da cibiya ya warke, na nesa ya yi baƙi ya bushe. Girman abin da ya mutu shi ake aunawa in ana gwada magani. A da an ɗauka cewa faɗin cibiya shi ke ƙayyade tsawon fatar da za ta rayu. A 1970 Milton ya nuna, a jikin alade, cewa ba haka ba ne: ƙarfin jinin da ke cikin jijiyoyin shi ke hukunci.

A nan kalmar « jijiya » ta gaza mana, don ba ta bambanta mai kai jini da mai maido shi. Ga shi kuwa in ta farko ta toshe fatar fari take yi ta yi sanyi, in ta biyu ce sai ta kumbura ta yi shuɗi. Lokaci ma yana da iyaka: a 1978 May da abokansa suka ga cewa, a jikin zomo, bayan awa 12 jini ba ya komawa cikin ƙananan jijiyoyi ko da an buɗe hanya.

Akwai kuma dabarar yanka gefen fatar a bar ta mako ɗaya ko biyu kafin a ɗauke ta. Jijiyoyin da suka rage sukan buɗe, fatar ta fi rayuwa. Mun zaɓar mata kalmar « yaye ».

Sai dai fatar ɓera sako-sako ce, da siririyar tsoka a ƙarƙashinta, ba kamar ta mutum ba, shi ya sa magunguna da yawa da suka yi aiki a kansa ba su kai ga asibiti ba. Amma da irin wannan fata ake gyara fuskar yaran da cutar noma ta ci a ƙasarmu, kuma da Hausa ake yi wa iyayensu bayani kafin fiɗa.