'YAN ƘWALLON NIJERIYA NA 1980: WA YA FI CANCANTAR YABO?

Daga Wakilinmu na Arewa

Nijeriya ta ɗauki kofin ƙwallon ƙafa na ƙasashen Afirka a 1980 a Ikko, da 1994 a Tunisiya, kana da 2013 a Afirka ta Kudu. Amma duk inda dattawanmu masu sha'awar ƙwallo suka zauna hira, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, za ka tarar zancen kofin farko ya fi daɗe wa a bakinsu. Dalili kuwa a fili yake. A gida aka yi gasar, a Ikko da Badun, daga ran 8 zuwa ran 22 ga watan Maris na 1980, kuma kusan dukkan 'yan wasan a kulob-kulob na gida suke wasa, watau mutane ne da 'yan kallo suka saba gani kowane mako.

In aka tambayi wanda ya fi kowa a ƙungiyar, wadda a lokacin ake kira Green Eagles kafin ta koma Super Eagles a 1988, yawancin mutane Segun Odegbami za su ambata ba tare da wani tunani ba. To, yabon gwani ya zama dole, kuma Odegbami gwani ne. Sai dai a ganina shi ne na uku. Kafin masu karatu su tsaya yi mini musu, bari mu bi 'yan wasan daki-daki, daga gola har zuwa gaba, mu ga abin da kowa ya aikata.

YADDA GASAR TA GUDANA

Wasa biyar Nijeriya ta yi. Ta ci Tanzaniya 3 da 1, ta yi canjaras da Kodebuwa babu ci, ta ci Masar 1 da 0, ta ci Maroko 1 da 0 a wasan kusa da na ƙarshe, sa'an nan ta lallasa Aljeriya 3 da 0 a babban filin wasa na Surulere. In ka haɗa lissafi, ƙwallo 8 ta ci, 1 tak aka ci ta. A lura da wannan da kyau. Wasanni uku na tsakiya, waɗanda su ne masu wuya, ƙwallo 2 kawai muka ci a cikinsu. Da bayanmu na yoyo, da ba mu kai ranar Aljeriya ba balle a yi zancen bajintar 'yan gaba.

GOLA DA 'YAN BAYA

Kocin ƙungiyar, Otto Gloria, mutumin Birazil ne, kuma shi ne ya kai Fotugal matsayi na uku a gasar kofin duniya ta 1966. Shawara mafi nauyi da ya yanke ita ce ta gola. Shekara da shekaru Emmanuel Okala na Rangers ta Inugu ne ke tsaron gidan Nijeriya, dogon mutum wanda ganinsa kawai kan karya zuciyar ɗan gaba. Gloria ya zaɓi Best Ogedegbe na Shooting Stars ta Badun. Magoya bayan Rangers ba su ji daɗin haka ba, amma gani ya kori ji: bayan ƙwallon Tanzaniya a wasan farko, ba wanda ya sāke girgiza ragarmu har aka gama gasar. Ogedegbe bai kai Okala kwarjini ba, amma ya fi shi saurin faɗuwa kan ƙwallon ƙasa, kuma ba ya tsoron fitowa. Ya ci jarrabawarsa.

A gefen dama na baya akwai David Adiele, a hagu Okey Isima. Adiele mutum ne mai yin aikinsa shiru, ba ya neman tafi. Isima kuwa yakan haura gaba, kuma shi ne ya ci ƙwallo ɗayan nan da ta kayar da Masar, ta bar Nijeriya a saman rukuninta. Ɗan baya da ya tsare gida kuma ya ciyo wa ƙasa wasa, ba a raina shi. Tunde Bamidele shi ne ke manne wa ɗan gaban abokan karawa kamar kaska, domin kyaftin ya sami sararin duba fili.

Akwai kuma Godwin Odiye, wanda labarinsa ya isa darasi. A watan Nuwamba na 1977, a wannan fili na Surulere, a wasan neman shiga gasar kofin duniya, Odiye ya kai wa ƙwallo kai domin ya fitar da ita, sai ta faɗa ragarmu. Tunisiya ta ci 1 da 0, kuma ita ce ta tafi Ajantina a 1978. Wani da ya sha irin zagin da ya sha, da ya rataye takalmansa. Odiye ya dawo, ya shiga cikin goma sha ɗayan da suka fara wasan ƙarshe, ya karɓi lambarsa ta zinariya a filin da aka taɓa yi masa ihu. Ba shi ne ya fi kowa iya taka leda ba, amma wajen ƙarfin zuciya ban ga na gabansa ba.

KYAFTIN CHRISTIAN CHUKWU

Wannan shi ne na biyu a lissafina. Mai sharhin wasanni na gidan rediyon tarayya, Ernest Okonkwo, wanda ya raɗa wa yawancin 'yan wasan nan sunayen da aka san su da su, Ciyaman yake kiransa, kuma sunan ya dace da shi. Chukwu ba shi da gudu sosai, amma yakan riga ƙwallo zuwa inda za ta sauka. Yana da dogon bugu mai isar da saƙo daga baya har gaban ɗan gefe, ga ƙarfin ƙafa wajen bugun tazara. Shi ne ya jagoranci Rangers ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka a 1977, shekara guda bayan Shooting Stars ta ci shi a 1976. Waɗannan kulob biyu ba sa ga maciji da juna, kuma daga cikinsu aka ɗebo ƙashin bayan ƙungiyar ƙasa. Haɗa kan mutanen Inugu da na Badun su zama abu ɗaya, shekara goma kacal bayan yaƙin basasa, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a wuyan kyaftin ya rataya. Shi aka zaɓa gwarzon gasar, shi ne kuma ya karɓi kofi daga hannun Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari. Daga baya ya zama kocin ƙungiyar, ya kai ta matsayi na uku a 2004. Ya rasu a watan Afrilu na 2025.

'YAN TSAKIYA DA 'YAN GEFE

Aloysius Atuegbu gajere ne kakkaura, mai harbi kamar igwa. Shi ne ke ɗaukar dakon tsakiya, ya ƙwato ƙwallo ya miƙa wa masu gwaninta. Irinsa ba a cika lura da su ba sai ranar da ba su fito ba. Felix Owolabi, ɗan bahago, shi kuma in ya sunkuyar da kai ya nufi gaba, sai dai a kauce masa. Laifinsa ɗaya, wani lokaci yakan riƙe ƙwallo fiye da kima alhali ga ɗan'uwa a sarari. Amma ƙwallonsa ce, tun farkon wasa, ta fitar da Maroko, kuma ba don ita ba babu wasan ƙarshe.

A gefen hagu na gaba akwai Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta aikin lauya a Jami'ar Ikko, daga baya har ya zama babban lauyan gwamnatin Jihar Ribas. Gwanin yanka ne, yakan tara 'yan baya biyu a kansa ya buɗe wa wasu hanya. Bai ci ko ɗaya ba a gasar, amma duk mai tsaron da ya ja zuwa hagu, an rage wa Odegbami shi a dama.

To, ga Odegbami. Ernest Okonkwo ya danganta wasansa da lissafi, domin ya yi karatun injiniya a Kwalejin Fasaha ta Badun, kuma bugunsa daga gefe kamar da ma'auni yake yi. Yana da tsawo, yana da gudu, ba a iya ture shi daga kan ƙwallo. Ya ci Tanzaniya ɗaya, ya ci Aljeriya biyu, ta farko tun ba a yi minti uku da soma wasa ba, ta biyu daf da hutun rabin lokaci. Ƙwallo 3 ke nan, ba wanda ya fi shi ci a gasar. A duk rayuwarsa ta wasa ya ci wa Nijeriya 23 a wasa 46. Me ya sa na ajiye shi a na uku? Saboda a wasannin Kodebuwa da Masar da Maroko, inda aka sa masa ido aka toshe masa hanya, bai ci ba, wasu ne suka fitar da mu. Ɗan gefe kuma, komai gwanintarsa, sai an kawo masa ƙwallo.

MUDA LAWAL

Wanda ke kawo ƙwallon shi ne Mudashiru Babatunde Lawal, haifaffen Abekuta, wanda ya koyi kanikancin mota kafin ƙwallo ta ɗauke shi. Shi ne na ɗaya a wurina, kuma ga hujjojina.

Da fari, shi ne ya buɗe gasar, shi ne ya rufe ta. Ƙwallon farko da Nijeriya ta ci a wasan Tanzaniya tasa ce, ta ƙarshe a ragar Aljeriya, jim kaɗan bayan dawowa daga hutu, ita ma tasa ce. Na biyu, asalinsa ɗan tsakiya ne, amma da Gloria ya ga 'yan gabansa na tsakiya ba sa ci, sai ya tura Muda can a wasan ƙarshe. Sauya wa mutum gurbi a rana mafi girma, gaban dubban 'yan kallo da Shugaban Ƙasa, ba kowa ke ɗaukarsa ba. Muda yakan janyo baya ya karɓi ƙwallo, masu tsaron Aljeriya su rasa ko su bi shi ko su tsaya, kuma ta ɓarakar da hakan ya haifar 'yan gefe suka yi ta shiga.

Na uku, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Bayan 1980 abubuwa sun dagule. A watan Oktoba na 1981 Aljeriyan nan ta su Lakhdar Belloumi da Rabah Madjer ta zo Ikko ta rama, ta ci mu 2 da 0, ta ƙara mana 2 da 1 a gidanta, ta tafi gasar kofin duniya ta 1982 inda har ta kayar da Jamus ta Yamma. A gasar Afirka ta 1982 a Libiya, tun zagayen farko aka fitar da masu riƙe da kofi. Manyan 1980 suka yi ta ajiye wasa ɗaya bayan ɗaya. Muda ya tsaya. A 1984 yana cikin samarin da suka kai wasan ƙarshe a Abijan, kuma ƙwallo ɗayan da muka ci Kamaru a ranar da ta doke mu 3 da 1, Muda ne ya ci ta. Gasar Afirka biyar a jere ya halarta, daga 1976 zuwa 1984, ya yi wa ƙasa wasa 86. Ya rasu a Badun a watan Yuli na 1991, bai ko kai shekara arba'in ba. An sa wa wani filin wasa a Abekuta sunansa.

INA 'YAN AREWA?

Masu karatu za su yi wannan tambaya, kuma tana kan hanya. A cikin 'yan wasa 22 akwai Shefiu Mohammed na Raccah Rovers ta Kano, amma bai shiga cikin waɗanda suka fara wasan ƙarshe ba. Kafin nan akwai Baba Otu Mohammed na Mighty Jets ta Jos, wanda ya yi fice a gefen dama a gasar 1976 a Habasha, inda muka zo na uku, sai dai tasowar Odegbami ta rufe masa ƙofa.

Amma in aka duba da kyau, hannun Arewa na cikin kofin nan. Odegbami a Jos ya girma, can ya yi makarantar sakandare, kuma yana jin Hausa. Atuegbu ma ɗan Jos ne, a Mighty Jets ya yi suna kafin ya koma Rangers. Owolabi ya yi wasa a Kaduna da kuma Raccah Rovers kafin Shooting Stars ta ɗauke shi. Watau 'yan Kudu ne da zama ya kai Arewa, kamar yadda neman abinci ya kawo da yawa daga masu karanta wannan shafi Kudu. Filayen Jos da Kaduna da Kano ne suka horar da uku daga cikin goma sha ɗayan da suka fara wasan ƙarshe. Yaron da aka haifa a zangon Agege ko Sabo, yana buga ƙwallo da 'ya'yan masu gari bayan an tashi makaranta, a kan irin wannan hanya yake, sai dai ta juya fuska. Iyayensa su tuna Amiesimaka da Odegbami, waɗanda ƙwallo ba ta hana su karatu ba.

Gwamnatin Shagari ta ba kowane ɗan wasa gida a unguwar Festac da mota Peugeot 504 da lambar girmamawa ta ƙasa, ba ta bambanta wanda ya ci ƙwallo da wanda ya zauna a benci ba. Wannan daidai ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma mu 'yan kallo aikinmu ne mu auna, kuma ma'aunina ya nuna Muda Lawal a gaba, Christian Chukwu na bin sa, sa'an nan Segun Odegbami. Wanda yake da wani jeri daban, ya aiko da shi ga wannan shafi tare da hujjarsa.