Gidan haya mai araha a Birnin Kebbi da Argungu: lissafin da ake yi kafin a biya kuɗi

Tun daga ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato aka mai da Birnin Kebbi hedikwatarta, garin yake karɓar baƙin da aiki ya kawo su ba tare da suna da gidan gado a cikinsa ba, kuma a kan waɗannan mutane ne harkar haya ta ginu. Ma'aikatan sakatariya da na asibitoci, da malamai da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da na Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 wadda mazauninta na dindindin yake wajen Kalgo, su ne suka cika unguwanni irin su Gesse da Badariya da Bayan Kara. A Argungu kuwa masu neman ɗaki sun fi fitowa daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da kuma harkar shinkafa, musamman bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, sannan aka buɗe masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗan kasuwar da ya tara 'yan miliyoyi, ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, ya fara tunanin sayen tsohon gida mai araha ya zuba 'yan haya.

Abin da sabon shiga ya fi yin kuskure a kai shi ne auna arahar gida da farashin da dillali ya faɗa, alhali ma'aunin da masana harkar gidaje suke amfani da shi shi ne kason da hayar shekara take mayarwa daga jimillar kuɗin da aka kashe. A ƙaddara, domin misali kawai, mutum ya sayi gida mai ɗaki shida a kan naira miliyan 10, ya ƙara miliyan 2 a gyara da la'adar dillali da kuɗin takardu, sannan ya ba da kowane ɗaki a kan naira 150,000 a shekara. Abin da zai shigo a takarda shi ne naira 900,000, wato kashi 7.5 cikin 100 na uwar kuɗin; amma idan ɗaki ɗaya ya kwana shekara babu kowa, aka kuma kashe kwatankwacin hayar wani ɗakin wajen yasar shadda da sauya kwanon da ya ruɓe, abin da ya rage naira 600,000 ne, kashi 5 cikin 100, wanda ke nufin sai an shekara 20 kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan aka tuna cewa hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024, bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, za a gane cewa kuɗin haya shi kaɗai ba ya riskar tsadar rayuwa. Ribar da take ɓoye a gidan haya tana cikin filin da aka yi ginin a kansa, domin shi ne yake ƙara daraja yayin da naira take raguwa, haya kuwa aikinta ta riƙe gidan a tsaye ta kuma ɗan sa wa mai shi wani abu a aljihu. Wanda yake bukatar kuɗinsa su juya cikin 'yan watanni ya fi dacewa da sayen shanshera a kaka ya ajiye, ko da yake ita ma tana da nata haɗarin.

Wannan lissafi ne kuma yake nuna dalilin da ya sa cin bashin banki domin sayen gidan haya ba ya ɓullewa. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamba 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai, don haka gidan da yake mayar da kashi 5 ba zai iya biyan bashin da yake cin kusan kashi 30 ba, ko da an ajiye batun haramcin kuɗin ruwa wanda ya isa ya hana yawancin mutanen yankin. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana ba da rance mai sauƙi, sai dai an tsara shi ne domin gidan da ma'aikaci zai zauna da iyalinsa. Shi ya sa hanyar da aka fi bi ita ce ta gini da kaɗan-kaɗan: a sayi fili ko kango, a kammala ɗaki biyu da banɗaki, a zuba mutane, a tara hayarsu a ɗora bulo a sauran.

A kwarin Rima babban abin da yake sa gida ya yi araha shi ne ruwa. Garuruwan biyu suna zaune ne a bakin fadama mai faɗi wadda gulbi yake malalewa a cikinta idan damina ta yi nisa, musamman in ruwan Agusta da Satumba ya haɗu da wanda aka sako daga madatsun Goronyo da Bakolori, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2010 da ta 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar. Gidan da aka gina a gangare ko a kan tsohuwar hanyar ruwa yana da kyau a ido a watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, kuma a lokacin ne masu wayo suke sa shi a kasuwa. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan sunkuya ya dubi gindin bango, inda danshi yake barin wani layi mai duhu da farin gishiri-gishiri da filasta mai kumbura, sannan ya ƙwanƙwasa katakon rufi ya ji ko gara ta cinye cikinsa, ya kuma lura ko daɓen tsakar gida ya fi titi ƙasa, domin idan ya fi shi ƙasa to duk ruwan kwatar unguwa nan zai tare. Sabon fenti da ya tsaya iya gwiwa a bangon waje shaida ce da ta fi maganar dillali ƙarfi. Mafi inganci dai shi ne a ga gidan da safe bayan an kwana ana ruwa, a kuma tambayi maƙwabta inda ruwan bara ya tsaya.

Dalili na biyu na araha shi ne takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta yadda abin da mutum yake saya a birni shi ne haƙƙin zama a kan fili, wanda ake tabbatarwa da takardar shaidar mallaka mai wa'adin shekara 99 a galibi, kuma dokar ta shardanta amincewar gwamna kafin a mayar da wannan haƙƙi ga wani. Yawancin gidajen tsofaffin unguwanni ba su da wannan takarda, cinikinsu yana tafiya ne da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu da sa hannun mai unguwa ko hakimi, abin da yake da amfani wajen tabbatar da wanda ya sayar amma ba ya hana a tarar cewa fulotin yana kan hanyar da hukumar raya birane ta shata. Bincike a ma'aikatar filaye kafin a ba da kafin alƙalami ya fi shari'ar shekaru sauƙi.

Gidan gado yana da nasa sarƙaƙiyar, kuma shi ne ya fi yawa a cikin gidaje masu araha, domin magada sukan ƙosa su raba kuɗi. Idan ba a riga an raba gadon ba, babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa mata ko na marayu ba da yardarsu ko izinin alƙali ba. Akwai kuma abin da malaman fiƙihun Malikiyya suke kira shuf'a, wato haƙƙin da abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yake da shi na karɓe rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare ta hanyar biyan kuɗin da baren ya biya. Mutum zai iya sayen kaso a irin wannan gida ya fara shirin gyara, sai wani magaji da yake ci-rani a Legas ya dawo ya nemi haƙƙinsa a kotun shari'a, kuma ya samu.

Game da masu haya, kowane rukuni yana da lokacin da yake yankewa. Ɗalibai suna biyan shekara gaba ɗaya kuma suna yarda su haɗu a ɗaki, amma yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya nuna yadda unguwar ɗalibai take iya zama kufai. Ma'aikacin gwamnati ya fi daɗewa a gida, sai dai ƙarfin biyansa yana ɗaure da albashi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024 ya nuna iyakar abin da ƙaramin ma'aikaci zai iya ware wa ɗaki. A Argungu wasu sukan sa rai da baƙin bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda aka fara a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, amma biki ne na 'yan kwanaki da ya taɓa tsayawa kusan shekara goma kafin a dawo da shi a 2020, don haka ba a gina lissafin shekara a kansa. Shago a fuskar gida, inda titi yake da jama'a, sau da yawa ya fi ɗakin kwana kawo kuɗi da ƙarancin ɓarna.

Yarjejeniyar haya, wadda fiƙihu yake sanyawa a babin ijara, ba ta inganta sai an san kuɗin an kuma san wa'adin, kuma rubuta ta da shaidu yana kashe yawancin rigingimun da ake kaiwa gaban mai unguwa: wa zai yashe shadda, wa zai gyara famfo, yaya za a raba kuɗin wuta. Raba mitar kati ga kowane sashe ya fi barin gida a kan bil guda na kamfanin wutar Kaduna, wanda Kebbi take ƙarƙashinsa. Idan zama ya ƙi daɗi, doka ba ta yarda mai gida ya cire ƙofa ko kwano ko ya watso kaya waje ba. Ƙa'idar da kotuna suka saba bi, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, ita ce notis na wata ɗaya ga mai biyan wata-wata da na wata shida ga mai biyan shekara, sannan wani na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. A aikace abin da ya fi notis wuya a waɗannan garuruwa shi ne kunya, domin ɗan hayar da aka karɓa saboda ɗan'uwa ne ko surukin aboki yakan daina biya a shekara ta biyu, mai gida kuma ya kasa buɗe baki. Wannan ne ya sa wasu suke danƙa karɓar kuɗi ga wakili ko lauya, su biya shi kasonsa, wanda shi ma dole ne a cire shi daga waccan riba ta kashi 5. Haka nan kuɗin haya yana cikin kuɗin shiga da ake biya wa haraji, kuma a wajen mafi yawan malamai babu zakka a kan ginin kansa, amma akwai ta a kan hayar da aka tara idan ta kai nisabi ta kuma shekara a hannu.