Wa Ke Yanke Shekarun da Ake Rubutawa a Jikin Gem?

A shekarar 1992 aka fitar da wasan bidiyon nan Mortal Kombat, wanda a cikinsa ɗan wasa kan iya fizge kan abokin karawarsa har da ƙashin baya, jini na tsartuwa. Iyaye a Amurka suka yi ca. A watan Disambar 1993 sanatoci biyu, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka zaunar da masu kamfanonin gem a Majalisar Dattawa, suka ba su zaɓi: ko su fito da tsarin tantance hajarsu, ko gwamnati ta yi musu. Kamfanonin suka ga gara su yi wa kansu aski kafin a zo musu da aska. Haka aka kafa hukumar ESRB a 1994.

Haruffa take amfani da su: E na kowa da kowa, T daga shekara 13, M daga 17, AO kuma na manya zalla. Turai ta kafa tata, PEGI, a 2003, ita kuma lambobi take sawa: 3, 7, 12, 16 da 18, tare da ƙananan zane masu nuna dalili, kamar dunƙulallen hannu idan akwai faɗa, ko gizo-gizo idan akwai abin tsoro. Lambar ba ta auna wahalar wasa ba. Gem mai lamba 3 na iya gagarar ɗan jami'a. Abin da ido zai gani da wanda kunne zai ji kawai aka duba.

Yadda ake yin aikin ne zai ba mutum mamaki. Masu tantancewa a ESRB ba sa zama su buga wasan daga farko har ƙarshe kafin su yanke hukunci. Kamfanin da ya ƙirƙiro gem ɗin ne ke cike takardar tambayoyi, ya haɗa da bidiyon wuraren da suka fi muni: kisa, ashar, tsiraici, giya, caca. Sai aƙalla mutum uku da aka horar su kalla, su ba da shawara. Kenan rabin aikin ya rataya a kan gaskiyar mai kaya, shi kuwa yana da dalilin yin rowar gaskiya, domin Sony da Nintendo da Microsoft ba sa karɓar gem mai tambarin AO a na'urorinsu. An ga haka a 2005, lokacin da aka bankaɗo wani ɓangaren batsa da aka binne a cikin GTA: San Andreas. Hukumar ta ɗaga shi daga M zuwa AO, manyan kantuna suka kwashe shi daga kanta, sai da kamfanin ya sake fitar da wanda aka tsaftace. A ganina Jamus ta fi kama hanya: hukumarta, USK, tana da masu buga wasan da hannunsu, kuma doka ta hana sayar wa yaron da bai kai ba.

Wasannin waya sun yi yawan da babu mai iya kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa a 2013 aka kafa IARC: mai gem ya amsa tambayoyi ta intanet, nan take kwamfuta ta ba shi lamba, bincike sai daga baya. Wannan lambar ce 3+ ko 12+ da muke gani a Play Store.

Akwai abin da ma'aunin ba ya kamawa. Ba a tantance abin da baƙo zai faɗa wa yaro idan suna wasa tare ta intanet. Gem ɗin ƙwallon ƙafa na FIFA ya yi shekara da shekaru yana samun lamba 3, alhali a cikinsa ana biyan kuɗi a buɗe ƙunshin 'yan wasa ba tare da sanin wanda zai fito ba. Irin wannan ne Beljiyam ta ce caca ce a 2018. Sannan kowace al'umma da abin da take ƙyama, abin da ya sa Saudiyya ta kafa nata tsarin. Shigar da Bature zai ga ta dace da ɗan shekara 12, uba a Kano ko Maraɗi ba lallai ya yarda ba.

A gidajen gem na unguwanninmu ma yaro ba ya ganin kwalin balle lambar. An riga an loda wasannin a cikin na'ura, ya biya kuɗinsa, a miƙa masa abin bugawa, ɗan shekara 9 ya zaɓi GTA, wanda aka rubuta wa 18.