Mai Haƙuri Shi Ke Dafa Dutse: Jan Kunne Ga Masu Son Kiwon Kifin Teku A Gilashi

Duk wanda ya san unguwar makanikai ta Suame Magazine a Kumasi ya san babu abin da ke gagarar masu sana'arta. Ka kawo gilashi a yanka maka, mai walda ya haɗa maka teburin ƙarfe, kafin la'asar ga akwatin kifi a falonka. Wannan saurin shi ne abin alfaharinmu, amma a kiwon kifin teku da murjani shi ne ke jawo asara. Kifayen nan masu launi yawanci daga Indonesiya da Filifin ake shigo da su, da tsada, kuma sabon tanki kan kashe su cikin kwanaki kaɗan.

Dalili shi ne kifi na fitar da amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma na ruɓewa ya ƙara ta. A teku ruwa mai yawa ne ke shanye ta. A gilashi kuwa guba ce. Masu ceto su ne ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani: wasu su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret, mai sauƙin illa. A ramukan dutse da yashi suke zama. Saboda haka su za ka fara kiwatawa kafin kifi.

Ba kowane dutse ne zai shiga tanki ba. Marmara na ɗauke da ƙarfe, dutsen kwari da ake fasawa don gini kuwa ba shi da ramuka. Abin nema shi ne farin dutse mara nauyi mai ƙofofi, dangin farar ƙasa. In ka ɗiga masa binega zai yi kumfa. Idan busasshe ne, goge shi da burushi ba sabulu, ka jiƙa shi kana sauya ruwan. Idan jiƙaƙƙe ne daga teku ko tankin wani, sa shi a ruwan gishiri da famfo mai juya ruwa har warin ruɓa ya ɗauke.

A nan fa a kiyaye: dafa dutsen karin magana na haƙuri ne, ba na tukunya ba. Kada ka tafasa irin wannan dutse ko ka zuba masa ruwan zafi. Wasu ƙananan halittu da ke manne da shi na ɗauke da dafin palitoksin, kuma tururinsa ya sha kwantar da iyali guda a asibiti a Turai da Amurka. Sa safar hannu, ka kare idonka.

Sai ruwa. Na famfo da ke zuwa daga madatsun ruwan Barekese da Owabi akwai kulorin a cikinsa, wanda ke kashe ƙwayoyin da kake nema. Ka yi amfani da tataccen ruwa na injin RO. Gishirin miya, ko da na garin Ada ne, ba zai yi ba. Akwai haɗin gishirin teku na musamman. Abin da ake so shi ne gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafin ruwa kuma digiri 24 zuwa 26. Lokacin hunturu ruwa na saurin ƙafewa ya bar gishirinsa, don haka da ruwan daɗi ake cikawa.

'Yan'uwa na Magazine, ga inda dabararmu ta "a yi maneji" ke cutarwa. Duro ko jarkar da ta taɓa ɗaukar baƙin mai, dizal ko ruwan batir ba ta wankuwa. Kan famfo na tagulla da bututun jan ƙarfe na tsohon lagireto suna sakin sinadarin da ke kashe murjani da jatan lande, kuma dutse na shanye shi. Roba sabuwa da bututun PVC kawai. Mai walda kuma ya tuna cewa lita 200 ta ruwan teku ta haura kilo 200, ban da dutse da gilashi, gishiri kuwa abokin tsatsa ne. A yi teburi mai ƙwari, a shafe shi da fenti.

Bayan ka jera dutse ka kunna famfo, jefa ɗan guntun jatan lande ɗanye ya ruɓe, ko ka ɗiga amoniya ta tanki. Kada ka sa kifi mai rai don gwaji. Azabtar da dabba ne. Sayi kayan awo ka riƙa gwadawa duk kwana biyu ko uku kana rubutawa. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya, sannan naitiret ya bayyana. Yawanci ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Garai-garai ɗin ruwa ba shaida ba ce. Sai biyun farko sun koma sifili. Daga nan ka sauya wani kaso na ruwan, ka sa kifi ɗaya ko biyu. Murjani sai an ƙara watanni, kuma masu tauri suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittu tsakanin ƙasashe, ka nemi takarda wurin mai sayarwa.

Kada a manta da dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki. Ƙwayoyin nan da kifin duk iska suke shaƙa. Famfo ya tsaya na sa'o'i, aikin makonni ya lalace. A unguwar da batir da inbata ba su da wuyar samu, ka tanade su tun kafin kuɗin kifi.

Babu mastan da ke miƙa wa sabon yaro injin mota ranar da ya zo. Sai ya daɗe yana wanke sifana. Haka tankin nan yake. Wanda ba zai iya kallon dutse da ruwa kawai na mako shida ba, gara ya fara da tarwada.